Saurin Waya da Daɗewar Batir: Abin da Ke Faruwa Idan An Taɓa Saitin Firosesa

Gabatarwa

Duk wanda ya mallaki wayar komai-da-ruwanka yana da buri biyu a kanta. Yana so ta amsa masa da zarar ya shafi fuskarta, yana kuma so cajin da ya yi mata da asuba ya kai shi dare, musamman a inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Waɗannan buri biyu kishiyoyi ne, kuma a cikin ɗan guntun abin da ake kira firosesa suke zaman kishinsu. Saboda haka ne wasu masu wayoyin Android kan yi wa wayarsu abin da masu gyara ke kira rutin, wato buɗe ta yadda mai ita zai sami cikakken iko a kan manhajar da ke tafiyar da ita, domin su juya saitin firosesa da hannunsu. Wani ya dace, wani kuwa ya wayi gari wayarsa ta ƙi tashi, hotunansa da lambobinsa sun salwanta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wa ɗalibai da malamansu ƙa'idar kimiyya da ke ƙarƙashin wannan aiki. Wanda ya fahimci ƙa'idar zai iya auna wa kansa ribar da ke ciki da hasarar da ke biye da ita tun kafin ya taɓa komai.

Mene ne Firosesa?

Firosesa ɗan falle ne na sinadarin silikon wanda faɗinsa bai wuce na farcen yatsa ba. A kansa an shimfiɗa biliyoyin ƙananan makunnai da ake kira tiransisto, kowanne yana buɗewa ya rufe domin wutar lantarki ta wuce ko ta tsaya. Da wannan buɗewa da rufewa ake yin dukkan lissafin da waya ke buƙata, tun daga haɗa lambobi har zuwa nuna majigi.

Makunnan nan ba sa aiki barkatai. Akwai agogo a cikin firosesa da ke ba su kiɗa, kamar yadda mai gangar noma ke daidaita saran manoma a wajen gayya. Yawan bugun agogon a cikin daƙiƙa guda shi ake aunawa da haz: megahaz ɗaya bugu miliyan ɗaya ne, gigahaz ɗaya kuwa bugu biliyan ɗaya. Wayar Android ta farko da aka kai kasuwa, wato HTC Dream ta shekarar 2008, tana da firosesa mai megahaz 528. A farkon 2010 wayar Nexus One ta fito da mai gigahaz 1. Manyan wayoyin da suka biyo baya sun haura gigahaz 3, kuma an raba firosesansu gida-gida, galibi takwas, kowane gida ana kiransa cibiya, yana iya gudanar da nasa lissafi shi kaɗai.

Agogon firosesa ba ya tsayawa a kan bugu guda. Yana da matakai kamar tsani, daga 'yan ɗaruruwan megahaz zuwa ƙololuwa, yana hawa yana sauka sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Ɗalibin ilimin halittu zai tuna da zuciya: tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan baligi yana hutawa, ta haura 150 idan ya sheƙa da gudu, sa'an nan ta sauko idan ya zauna. Juya saitin firosesa shi ne shiga tsakani a kan wannan hawa da sauka.

Farashin Sauri

Kowane mataki na wannan tsani yana da nasa ƙarfin turin lantarki, wanda ake aunawa da bolt. In ana so tiransisto ya buɗe ya rufe da hanzari, dole a tura masa lantarki da ƙarfi, don haka duk sa'ad da bugu ya ƙaru sai bolt ya bi shi. A nan ne gizo ke saƙar, domin wutar da firosesa ke sha wajen aiki tana tafiya daidai da yawan bugu, a ninka da bolt, a sake ninkawa da bolt. Wato bolt sau biyu yake shiga lissafin.

Bari mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙi. A ce cibiya tana gudu a kan gigahaz 2.0 da bolt 1.0. Lissafinmu zai ba da 2.0 × 1.0 × 1.0, wato 2.0. Idan aka sauko da ita zuwa gigahaz 1.5, inda bolt 0.8 ya wadatar, za mu sami 1.5 × 0.8 × 0.8, wato 0.96. Sauri ya ragu da kashi 25 cikin ɗari, amma shan wuta ya ragu da kashi 52. Ko da an yi la'akari da cewa aikin zai ƙara ɗaukar lokaci, jimillar makamashin da ya ci ta ragu da kashi 36. In kuwa aka matsa mata ta hau gigahaz 2.2 da bolt 1.1, sakamakon zai zama kusan 2.66: an sami ƙarin sauri na kashi 10, an biya da ƙarin wuta na kashi 33.

Darasin shi ne, matakan ƙarshe na saman tsanin su ne mafiya tsada. Kuma duk wutar da firosesa ya sha, zafi take komawa. Wannan ƙa'ida ta taɓa taka wa manyan kamfanoni birki. A 1974 Robert Dennard na kamfanin IBM da abokan aikinsa sun nuna cewa idan aka ƙanƙantar da tiransisto, ana iya rage masa bolt a ƙara masa sauri ba tare da zafi ya ƙaru ba. An ci moriyar wannan har kusan shekara talatin, sa'an nan tiransisto ya yi ƙanƙantar da ya fara yoyon lantarki ko ba ya aiki, rage bolt kuma ya gagara. A 2004 kamfanin Intel ya fasa fitar da firosesan Pentium 4 mai gigahaz 4 da ya yi shirin yi. Daga nan masu ƙira suka karkata ga yawaita cibiyoyi.

Tafiyar Hawainiya Ba Ta Ceton Batir

Mai karatu zai iya cewa, to ai magana ta ƙare, sai a ɗaure firosesa a matakin ƙasa, batir ya yi kwana biyu. Wannan kuskure ne da sababbin masu rutin kan faɗa ciki. Firosesa ɗaya ne kawai daga cikin masu cin batir. Muddin aiki bai ƙare ba, fuskar waya tana haske, ma'ajiyar bayanai tana farke, na'urar sadarwa tana magana da turken sabis, yoyon tiransisto kuma bai tsaya ba.

Ga wani misalin. A ce sauran sassan waya suna shan wat 1 matuƙar ana jiran wani aiki ya kammala. A matakin ƙololuwa firosesa yana shan wat 2, ya gama cikin daƙiƙa 6: jimilla wat 3 sau 6, wato jul 18. A mataki na tsakiya yana shan wat 0.5, ya gama cikin daƙiƙa 10: wat 1.5 sau 10, jul 15. A matakin ƙasa yana shan wat 0.1 kacal, amma sai ya kwashe daƙiƙa 30: wat 1.1 sau 30, jul 33. Ashe matakin da aka zaɓa don tattali shi ne ya fi kowanne ɓarna, ga kuma ɓacin ran jira. Lambobin sukan bambanta daga waya zuwa waya, amma siffar sakamakon takan kasance haka: sauƙi yana tsakiya. Firosesan da ya gama aiki da wuri yakan shiga barci mai nauyi, inda ake kashe agogonsa, wani lokaci ma a yanke wa cibiyar wuta ɗungum.

Gwamnonin Cikin Waya

Wa ke yanke shawarar matakin da za a hau? An gina Android a kan Linux, wanda Linus Torvalds ya soma a 1991. Jigon wannan manhaja, wanda ake kira kanel, shi ke tsaye tsakanin manhajoji da ƙarafan waya. A cikinsa akwai 'yar ƙa'ida da masana suka laƙaba wa suna gwamna, aikinta ta dubi nauyin da ke kan cibiya ta zaɓi matakin da ya dace. Gwamnonin suna da yawa, ga fitattu da sunayen da suke bayyana da su a fuskar waya.

Na farko shi ne performance, wanda ke ajiye agogo a ƙololuwa ko da aiki ko babu. Kishiyarsa shi ne powersave, mai ɗaure agogo a matakin ƙasa, kuma mun riga mun ga illarsa. Sai ondemand, wanda ke leƙa cibiya a kai a kai. In ya ga nauyi ya wuce wani ƙayyadadden kaso, alal misali kashi 80, sai ya daka tsalle zuwa sama, in aiki ya lafa ya sauko. Ɗan'uwansa conservative yana hawa ne mataki-mataki, don haka yana da tattali amma yana da nauyin jiki. Kamfanin Google ya samar da interactive domin wayoyi, wanda aka tsara shi ya zabura da wuri don kada mai shafa fuskar waya ya ji jinkiri. Dalilin zaburar a fili yake: fuskar da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa tana bai wa firosesa kimanin kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ya shirya kowane hoto, in ya makara sai ido ya ga hoto yana cijewa.

A 2016, cikin Linux 4.7, aka shigo da schedutil. Wannan gwamna yana karɓar labari kai tsaye daga sashen kanel da ke raba wa cibiyoyi aiki, ya zaɓi bugun da ya ɗara abin da ake buƙata da rubu'i guda domin a bar rara. Shi da 'yan'uwansa da kamfanoni suka yi wa kwaskwarima ne suka maye gurbin tsofaffin gwamnoni a wayoyin da suka fito daga baya.

Manyan Cibiyoyi da Ƙanana

A 2011 kamfanin ARM na Ingila, wanda ƙirarsa ce ke cikin kusan kowace wayar salula, ya gabatar da tsarin da ya kira big.LITTLE. An haɗa cibiyoyi iri biyu a firosesa ɗaya: manya masu sauri da cin wuta, da ƙanana masu tattali. Wani nau'in wayar Galaxy S4 ta 2013 ya zo da irin wannan, manya huɗu a kan gigahaz 1.6, ƙanana huɗu a kan gigahaz 1.2. Abin ya yi kama da tsokar jiki, wadda ke da zaruruwa masu jimiri domin tsayuwa da tafiya, da zaruruwa masu ƙarfi domin tsalle da gudu, waɗanda kan gaji da wuri. Sauraron rediyo ko karɓar saƙo aikin ƙananan cibiyoyi ne. Buɗe babbar manhaja ko wasan bidiyo shi ke tada manya. A 2019, cikin Linux 5.0, aka shigar da tsarin da ke ƙiyasta makamashin da aiki zai ci a kowace cibiya kafin a miƙa mata shi. Ma'anar wannan ga mai son juya saiti ita ce, yawancin dabarun da ake yi da hannu a wajajen 2010 yanzu waya na yin su da kanta.

Abubuwa Huɗu da Ake Taɓawa

A wayar da aka yi wa rutin, saitin yana cikin wasu 'yan fayiloli da kanel ya tanada, akwai kuma manhajojin da ke sauƙaƙa canza su, irin su SetCPU ta zamanin farko da Kernel Adiutor da ta biyo baya. Abubuwa huɗu aka fi taɓawa.

Na ɗaya, iyakar sama. Sauko da ita mataki ɗaya zuwa uku a kan manyan cibiyoyi shi ne gyaran da ya fi riba da ƙarancin haɗari, tun da ana yanke matakan da suka fi tsada ne. Mai karatu da aika saƙo da ƙyar zai ji bambanci, amma waya za ta rage zafi.

Na biyu, gwamna da ma'aunansa, kamar kason nauyin da zai sa ya hau da tsawon jiran da zai yi kafin ya sauko. In an sa shi saurin hawa waya za ta yi santsi, batir ya biya. In an sa shi jinkiri sai akasin haka.

Na uku, rage bolt a bar bugu yadda yake. Firosesoshi biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya a rana ɗaya ba sa zama daidai wa daida, don haka kamfani kan bar rarar bolt domin mai rauni ma ya yi aiki. Ana iya ɗan tsakurar wannan rara, amma in aka zarce, tiransisto ba zai gama juyawa ba kafin bugu na gaba ya iso. Daga nan lissafi zai ɓaci, waya ta daskare ko ta mutu ta sake tashi, in kuwa tana cikin rubuta fayil sai fayil ɗin ya lalace. Adadin da ya yi wa wayar abokinka daidai yana iya kayar da taka. Har ila yau, a wayoyi da yawa na baya-bayan nan wata keɓaɓɓiyar da'ira ce ke tsara bolt, kanel ba shi da ta cewa kai tsaye.

Na huɗu, ƙetare iyakar da kamfani ya gindaya. Wannan yana buƙatar a sauya kanel ɗin gaba ɗaya, kuma lissafinmu na baya ya nuna cinikin: sauri kaɗan, zafi mai yawa.

Zafi da Tsufan Batir

Galibin wayoyi ba su da fanka, ta jikinsu suke fitar da zafi. An dasa ma'aunan zafi a cikin firosesa da jikin batir, kuma da zarar sun kai wani mizani sai kanel ya ja agogo baya ko wane gwamna ke mulki. Shi ya sa wanda ya ɗaure wayarsa a ƙololuwa yakan ji daɗin 'yan mintoci, sa'an nan ta koma ƙasa da wadda aka bari a tsaka-tsaki. Wasu kan cire wannan birki. Wannan ganganci ne, domin batirin litiyam da ya yi zafi fiye da kima yana iya kumbura, har ya kama wuta.

Ko bai kai ga haka ba, zafi yana tsufar da batir. Tun 1889 masanin nan na ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya bayyana yadda zafi ke hanzarta cuɗanyar sinadarai, kuma ɗalibai sun san ƙiyasin cewa cuɗanya da yawa kan ninka saurinsu da ƙarin digiri 10. Cuɗanyar da ke cinye batir sannu a hankali ita ma zafi yana ingiza ta. Kamfanin Apple ya ƙayyade cewa a yi amfani da wayarsa a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Selshiyas ba, alhali a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zafin watan Afrilu yakan haura 40. Saitin da wani ya gwada a ƙasar sanyi ya yaba, ba lalle ya ɗore a bazararmu ba.

Tsohon batir yana da wata matsala: in firosesa ya zuƙi wuta da yawa farat ɗaya, bolt ɗin batirin yakan faɗi, waya ta mutu alhali akwai sauran caji. A Disamba 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin wasu wayoyin iPhone masu tsohon batir domin kauce wa haka, kuma a 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Dabarar daidai take a kimiyyance, ɓoyewar ce laifin. Rage iyakar sama yana iya lallaɓa irin wannan waya, amma maganinta na gaskiya sabon batir ne.

Hasarar da Ke Tattare da Rutin

Kafin a kai ga saitin firosesa sai an buɗe makullin da ke tsaron tashin waya, kuma buɗe shi yana goge duk abin da ke cikinta. Garantin kamfani yakan faɗi. A wayoyin Samsung akwai wata alama ta tsarin Knox wadda in ta ƙone ba ta gyaruwa, wasu hidimomin tsaro kuma su daina aiki har abada. Huawei ya daina ba da lambobin buɗe makullin tun 2018. Manhajojin banki da yawa sukan ƙi buɗewa a wayar da aka yi wa rutin, kuma muguwar manhajar da ta sami wannan iko tana iya karanta komai, har da lambobin sirri. Wayar da mutum ke ajiyar kuɗi ko takardun makaranta a ciki ba wurin gwaji ba ce.

Yadda Ake Gwaji a Kimiyyance

Ga wanda ke da tsohuwar wayar da ba ya jin asararta, ko ƙungiyar kimiyya ta makaranta a ƙarƙashin kulawar malami, wannan fage ne mai kyau na koyon tsarin bincike. Da farko a kwashe bayanai a adana a wani wuri. Sai a auna waya yadda take: a cika caji, a tsayar da hasken fuska a mataki ɗaya, a kunna majigi guda na awa ɗaya, a rubuta kason batirin da ya tafi da zafin da ya kai. A maimaita sau uku a ɗauki matsakaici. Bayan haka a canza abu guda tak, a sake awo a ɗaki ɗaya da lokaci ɗaya na yini. Wanda ya canza abu uku a tare ba zai san wanne ya yi tasiri ba. Kada a umarci manhaja ta riƙa ɗora sabon saiti a duk tashin waya sai an gwada shi na kwanaki, domin in saitin ya zama mai kayarwa, waya za ta yi ta mutuwa tana tashi ba ƙarshe.

A kuma kwatanta sakamakon da na rage hasken fuska da rabi. Batir mai 5,000 mAh a kan bolt 3.85 yana ɗauke da kimanin wat-awa 19. In waya tana shan wat 2, zai yi awa tara da rabi. Sau da yawa fuska da raunin sabis sun fi firosesa cin wannan kaso, kuma gyara su ba ya buƙatar rutin.

Kammalawa

Mun ga cewa sauri da bolt ake sayensa, bolt kuwa sau biyu yake shiga lissafin wuta, don haka matakan sama suka fi tsada. Mun kuma ga cewa matakin ƙasa yana tsawaita aiki har sauran sassan waya su cinye abin da aka tara. Saiti nagari shi ne wanda zai bar firosesa ya tashi da wuri, ya gama da wuri, ya kwanta da wuri, tare da ɗan rage masa iyakar sama in zafi ya dame shi. Wanda bai yi rutin ba ma yana da rabonsa: ya kunna tsarin tattalin batir da ke cikin wayar, wanda a wayoyi da yawa yakan rage saurin firosesa, ya rage haske, ya nisanta waya daga rana, kada kuma ya yi wasan bidiyo tana kan caji. Wanda ya nace sai ya gwada da hannunsa, to ya tanadi tsohuwar waya da littafin rubuta awo, ya kuma bar ma'aunan zafi yadda ya same su.